Kafin A Ce Akuya Juya Ce, A Duba Bunsuru

A Tofa da ƙauyukanta, daga Lambu zuwa Langel, daga Doka zuwa Janguza, idan akuya ta shekara ba ta haihu ba, hukuncinta guda ne: juya ce, a kai ta kasuwa. Da wuya ka ji an tambayi wane bunsuru ne ya hau ta, balle a ce a kamo shi a duba lafiyarsa. Alhali rabin maganar haihuwa a wurinsa take, kuma idan lissafin garke za a yi, ta fi rabi. Akuyar da ba ta haihuwa asarar gida ɗaya ce. Bunsurun da ba shi da ƙwaya kuwa, shi kaɗai sai ya ɓata wa awakin unguwa guda shekararsu.

Ƙasar Tofa na cikin yankin da ya kewaye birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta samun hutu. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa taki ne ke riƙe da wannan noma na kowace shekara, kuma kaso mai tsoka na takin daga turken awaki da tumaki yake fitowa. Da damina dabbobi a ɗaure suke cikin gida, ana yanko musu ciyawa, don ba wanda zai yarda akuya ta shiga masa gero. Sai an kawar da amfanin gona ake sake su. Yawancin awakin nan na mata ne: su ne asusun biki da suna, da kuɗin magani, da kayan ɗakin 'ya mace.

To wane ne uban 'ya'yan awakin? A nan matsalar take. Ɗan bunsurun da ya fi saurin girma shi ya fi saurin tafiya, domin shi dillali zai taya da daraja. Wani a dandaƙe shi ya zama taure don ya yi ƙiba, wani a yanka shi ranar suna. Ba kowa ke son riƙe bunsuru ba, ga wari, ga ɓarna, ga cin harawa ba nono ba haihuwa. Wanda ya rage a gari sau da yawa shi ne wanda kasuwa ta raina, ko kuma ɗan wata biyar ko shida da ya fara balaga, yana hawan uwarsa da 'yan uwansa kafin a sayar da shi. Shekara da shekaru muna zaɓen iri a baibai ba tare da mun yi niyya ba: nagari ya tafi wuƙa, na baya ya zama uba. Ilimin ɗibar maniyyin bunsuru da gwada shi, wanda ake ɗauka aikin ɗakin bincike ne kawai, a ganina wannan ɓaraka ya kamata ya fara toshewa, tun kafin a zo maganar kawo irin waje.

Ilimin ba sabo ba ne. A 1677 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ba da labarin ƙwayoyin maniyyi da ya gani suna motsi a madubinsa. Wajen shekara ɗari bayan haka Lazzaro Spallanzani na Italiya ya ɗura wa karya maniyyi da hannu ta haihu. Rashawa, ƙarƙashin Ilya Ivanov, su suka mayar da abin sana'ar kiwo a farkon ƙarni na 20, kan dawaki da tumaki da shanu. Abin da ya iso mana yau hanyoyi uku ne na samun maniyyin bunsuru, kuma ba su yi daidai da juna ba, ko a kyawun abin da suke bayarwa, ko a wahalar da dabba ke sha.

Ta farko ita ce farjin roba. Wani gajeren bututu ne mai tauri, an zura masa roba mai laushi ta ciki. Tsakanin bututun da robar ake zuba ruwan ɗumi, a ɗan hura iska don ya matse, a shafa man da ba ya kashe ƙwaya a baki, sannan a ɗaura ƙaramar kwalba mai ma'auni a ƙarshe, a naɗe ta don kada sanyi ko hasken rana ya taɓa ta. Zafin cikin robar ake so ya kai digiri 42 zuwa 45. Idan ya gaza, bunsuru zai hau ya sauko bai yi komai ba. Idan ya zarce, ya ƙone shi, kuma bunsurun da ya ƙone sau ɗaya da wuya ya sake yarda. Sai a riƙe akuya, an fi son wadda take neman barbara. Mai ɗiba ya durƙusa a gefen dama, kusa da cinyarta, robar na hannunsa. Bunsuru ya zo yana shinshina, yana ɗaga leɓe, yana bugun ƙasa da ƙafar gaba. Gwanaye sukan janye shi sau ɗaya ko biyu kafin su bar shi, domin hakan na ƙara yawan abin da zai zubar. Da ya hau, sai mai ɗiba ya kama fatar da ke rufe da gabansa, ba gaban kansa ba, ya karkatar da shi cikin robar. Zunkuɗa ɗaya ce, ya wurga kai baya, an gama. Duk abin bai wuce ƙiftawar ido ba, wanda hannunsa ya yi nauyi sai ya jira wani hawan.

Wannan hanya ita ta fi ba da maniyyi irin wanda bunsuru ke zubarwa a barbara ta gaskiya, kuma ba ta cutar da shi. Tana kuma nuna abin da madubi ba zai nuna ba: ko yana da sha'awa, ko ƙafafunsa na baya na ɗaukarsa, ko gabansa na fitowa yadda ya kamata. Aibinta horo. Sai an yi kwanaki, wani lokaci makonni, ana saba masa da mutum a kusa da shi lokacin hawa, kuma akwai bunsuran da ba sa taɓa yarda. A nan ina ganin bunsurun Tofa ya fi na makiyayi sauƙi, tunda a tsakar gida ya tashi, cikin yara da mata, hannun mutum ba baƙonsa ba ne.

Ta biyu ta lantarki ce, wadda R. M. C. Gunn ya gwada kan raguna a Ostireliya a 1936. Ana kwantar da bunsuru, a kwashe kashin da ke duburarsa, a zura wani ɗan sanda mai kaurin yatsa da ke ɗauke da ƙarafa. Sai a riƙa sakar masa wuta kaɗan kaɗan, daƙiƙa biyu ko uku a tsaya, a sake, ana ƙara ƙarfi, har jijiyoyin da ke wurin su sa ya zubar. Ba horo, ba akuya, ba jiran ra'ayinsa. Shi ya sa bincike da yawa da aka yi a jami'o'in Najeriya kan jajayen bunsurai da wannan na'ura aka yi shi: ɗalibi na da bunsurai ashirin da wata uku, ba shi da lokacin lallashi.

Amma duk wanda ya ga ana yi ya san ba abin wasa ba ne. Bunsuru na kuka, ƙafafunsa na sandarewa, bugun zuciyarsa na hawa, kuma an auna sinadarin firgita a jininsa an ga yana tashi. Saboda haka wasu ƙasashen Turai suka taƙaita amfani da ita, likitoci da yawa kuma ba sa yi sai sun ba dabba maganin kwantar da jiki da kashe zafi. Abin da ake samu ma ba daidai yake da na roba ba: ruwa ya fi yawa, ƙwaya ta fi ƙaranci a kowane ɗigo, wani lokaci fitsari ya gauraya ya kashe komai. Bunsuru mai lafiya na iya faɗuwa gwaji saboda na'urar, ba saboda kansa ba. Masu bincike a Sifen da Yurugwai sun fito da wata dabara ta tausar gabobin ciki ta dubura, ana kallo da na'urar hoton ciki, don a rage yawan wutar da za a saka, sai dai kayan aikinta sun fi ƙarfin asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ra'ayina shi ne a bar lantarki ga gwaji na sau ɗaya, a hannun likita, da magani. Wanda zai riƙa ɗibar bunsuru duk mako ya daure ya horar da shi. Dabba amana ce, kuma gaggawar mai bincike ba hujja ba ce ta azabtar da ita.

Ta uku ita ta fi ba mutane mamaki, domin bayan an yanka bunsuru ake yin ta. A jikin kowane ɗan maraina akwai wani siririn bututu a nannaɗe, manne daga sama har ƙasa, likitoci na ce masa efididimis. A cikinsa ƙwayoyin maniyyi ke ƙarasa nuna, kuma a ƙullutun da ke can ƙasa suke taruwa suna jira. Mutuwar dabba ba ta kashe su nan take. Idan aka yanke marainan da fatarsu a kwata, aka sa a leda, aka ajiye a kula mai sanyin digiri 4 zuwa 5 ba tare da sun taɓa ƙanƙara ba, ana iya samun ƙwayoyi masu rai bayan kwana ɗaya, har biyu, ko da yake ingancinsu na raguwa da kowace sa'a. A ɗakin gwaji sai a feɗe fatar, a ware ƙullutun, a goge jini sarai domin jini na cutar da ƙwaya. Daga nan ko dai a tsattsaga shi da reza cikin ruwan tsarmi mai ɗumi a bar ƙwayoyin su fito da kansu, ko a soka allura a jijiyar da ke fita daga ƙullutun a tura ruwa ta baya, farin ruwa mai kauri ya ɓullo ta inda aka yanka. Ta biyun ta fi tsabta, ta farkon ta fi sauƙin koyo. Da irin wannan dabara masana a Sifen ke adana irin awakin dutse na daji da mafarauta suka harbe.

Idan aka dubi yadda muke kiwo, wannan hanya kamar don mu aka yi ta, tunda mafi kyawun bunsuranmu a hannun mahauta suke ƙarewa. Haka kuma bunsurun da aka saya da tsada ya karye ko ya ci guba ya mutu dare ɗaya, ana iya ceto irinsa. Sai dai ina da ja a kan masu zumuɗinta. Sau ɗaya ce tak, ba a komawa. Kuma maraina da aka tsinto a kwata ba su da suna: ba a san uwarsa tagwaye take haifa ko ɗaya ɗaya ba, ba a san nononta ba, ba a san ciwon da ya sa aka sayar da shi ba. Maniyyin da ba a san asalinsa ba ya isa a koyar da ɗalibai, bai isa a ɗura wa akuyar mutane ba.

An samu maniyyi, sai gwaji. Amma likitan kirki ba daga kwalba yake farawa ba, daga dabbar yake farawa, kuma wannan kashi na aikin ba ya bukatar wuta ko na'ura. A buɗe baki a ga haƙora don sanin shekaru. A shafa gadon baya a ji ko ƙashi ne zalla. A duba kofato da gwiwa, domin bunsurun da ƙafar baya ke masa ciwo ba zai hau ba ko da maniyyinsa ya fi na kowa. Sannan a kama marainan da hannu biyu. Ana so su zama biyu cif, girmansu ɗaya, masu tauri ba kamar dutse ba, suna zamewa cikin fata ba tare da ya ji zafi ba. Wanda ɗaya ya kumbura, ko ya yi laushi, ko ƙullutun ƙasa ya yi tauri da gudaji, akwai magana. Wanda ɗan marainansa ɗaya ne ya sauko yana iya ba da ciki, amma abin gado ne, bai kamata a bar shi ya zama uba ba. Daga nan a zagaya tef ɗin tela a inda suka fi faɗi. Wannan awo na da muhimmanci domin girman maraina na tafiya da yawan ƙwayar da ake ƙerawa kullum. Littattafan waje sukan nemi santimita 25 ko fiye ga manyan bunsuransu. Namu jajaye da na Kano masu ruwan ƙasa ƙananan jiki ne, kuskure ne a auna su da wannan ma'auni a ce sun gaza. A gwada bunsuru da sa'o'insa, irinsa, shekarunsa.

Maniyyin bunsuru kaɗan ne, daga rabin mililita zuwa ɗaya da rabi, bai cika ƙaramin cokali ba. Amma a cikin mililita guda akwai ƙwaya biliyan 2 zuwa 5. Ido ma na iya fara hukunci: mai kyau kaurinsa da launinsa kamar kindirmo, matsakaici kamar madara, wanda ya yi tsararo kamar tsala kuwa ƙwayarsa kaɗan ce. Ɗan rawaya rawaya a maniyyin bunsuru ba aibi ba ne, haka wasu suke. Ja alamar jini ce, gudaji alamar mugunya, warin fitsari kuma ya isa a zubar a sake ɗiba.

Sai madubin likita. Ana ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashin da aka ɗumama zuwa digiri 37, a duba ba tare da an rufe ba. A maniyyi mai ƙarfi ba ka ganin ƙwaya ɗaya ɗaya, sai wasu baƙaƙen igiyoyi suna tasowa suna juyawa suna narkewa da sauri, tsabar yawa da ƙarfin iyo. Ana ba wannan maki daga 0 zuwa 5, kuma abin da ya gaza 3 ba a ɓata lokacin adana shi. Sannan a tsarma wani ɗigon, a rufe da siririn gilashi, a ƙara girman madubi. Yanzu kowace ƙwaya ta fito da kanta da wutsiyarta. Abin da ake ƙirgawa ba masu motsi kawai ba ne, masu tafiya gaba ne. Wadda ke zagaye wuri ɗaya ko take karkarwa a tsaye ba inda za ta je. Ana son kashi 70 cikin 100 ko fiye su zama masu tafiya gaba.

A nan ne aka fi zaluntar bunsuru. Ƙwayar maniyyi ba ta jure sanyin farat ɗaya. Gilashi mai sanyi da safiyar hunturu ya isa ya kashe motsin maniyyi lafiyayye cikin daƙiƙoƙi. Ɗigon ruwa a kwalba, ragowar sabulu, hasken rana kai tsaye, jinkirin minti ashirin, kowanne na iya sa a rubuta wa bunsuru sakamakon da ba nasa ba. Idan sakamako ya yi muni, mai gwaji ya fara tuhumar hannunsa da kayansa.

Sauran gwaje-gwajen na bukatar haƙuri fiye da kuɗi. Don sanin yawa, ana tsarma maniyyi sau ɗaruruwa a ruwan da zai tsayar da ƙwayoyin, a zuba a wani gilashi mai zanen murabba'ai irin wanda ake ƙirga ƙwayoyin jini da shi, a ƙirga, a ninka. Don raba mai rai da matacciya, ana haɗa ɗigo da rini biyu, iyosin da nigirosin: matacciya fatarta ta huje, rini ya shige ta ta koma ja ja, mai rai ta tsaya fara a kan baƙin fili. A wannan gilashin dai ake duba siffa, a ƙirga ƙwaya 100 ko 200, a ware masu kai biyu, masu ƙaramin kai, masu naɗaɗɗiyar wutsiya, masu kai ba wutsiya. Idan nakasassu suka haura kashi 20 cikin 100, haihuwa na raguwa. Irin nakasar ma na faɗin inda ciwon yake: ta kai yawanci daga cikin maraina take, ta wutsiya sau da yawa daga hanya ko daga hannun mai ɗiba. Wani ɗan ɗigo da ke maƙale a wuyan ƙwaya alama ce ta ba ta gama nuna ba, ana yawan ganinsa a ƙaramin bunsuru ko wanda aka yi wa yawan ɗiba. A maniyyin da aka ciro bayan yanka kuwa, ganin ɗigon a tsakiyar wutsiya ba abin damuwa ba ne. Akwai gwajin da ake sa ƙwaya a ruwa mai ƙarancin gishiri a ga ko wutsiyarta za ta kumbura ta lanƙwashe, alamar fatarta na aiki. Manyan cibiyoyi kuma na da kwamfuta mai bin sawun kowace ƙwaya tana auna gudunta. Tana da amfani ga bincike, amma ba rashinta ne ya hana mu gane bunsuru mara haihuwa ba.

Abu guda da nake so kowane mai kiwo ya riƙe, ko da ya manta sauran, shi ne lissafin wata biyu. Ƙera ƙwayar maniyyi a jikin bunsuru na ɗaukar kimanin kwana 48, sannan ta yi kusan mako biyu tana bin bututun efididimis kafin ta shirya. Abin da ka gani a madubi yau labarin wata biyu da suka wuce yake ba ka. Maraina kuma a waje suke rataye domin suna bukatar sanyin da ya gaza na jiki da 'yan digirori. Bunsurun da aka ɗaure a rana, ko a ɗakin kwano, cikin zafin Maris zuwa Mayu lokacin da Kano ke kai digiri 40, zai iya nuna mummunan maniyyi a farkon damina. Haka wanda ya yi zazzaɓi, ko annobar nan ta mura da zawo ta awaki ta kama shi ya tashi. Irin wannan ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya, sai a ba shi inuwa da abinci a sake dubawa bayan kwana 60. Kuma mai son bunsurunsa ya yi aiki da kaka, tun tsakiyar damina zai fara kula da cikinsa: harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, gishiri, maganin tsutsar ciki. A yi hattara da angurya. Tana sa ƙiba, amma akwai wani sinadari a cikinta, gosifol, da aka tabbatar yana rage ƙwayar namiji idan ta yi yawa a abinci. Abin da ya dace da taure na kiwon sallah ba lallai ya dace da bunsurun iri ba.

Gwajin nan duka yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Ya fi iya gano bunsurun da ba zai ba da ciki ba, fiye da gano wanda ya fi kowa. Bunsurai biyu na iya cin maki ɗaya a madubi, awakin ɗaya su fi ɗaukar ciki. Sannan kyawun maniyyi daban, kyawun iri daban. Ƙanƙanin bunsuru mai mugun gado na iya samun maniyyi lafiyayye sarai, ya cika gari da 'ya'ya marasa girma. Madubi ba ya ganin tagwaye, ba ya ganin nono, ba ya ganin kyawun fata. Waɗannan sai rubutu: wace akuya, wane bunsuru, yaushe, nawa ta haifa, nawa suka rayu.

Maganar adanawa ita ce inda buri ke karo da halin da muke ciki. Zubi ɗaya mai ƙwaya biliyan 3, idan aka tsarma shi, ya isa awaki 15 zuwa 20. A sanyin firji yana yin kwana ɗaya ko biyu. Tun da Christopher Polge da abokan aikinsa suka gano a Ingila a 1949 cewa gilisarol na kare ƙwaya daga ƙanƙara, ake iya daskarar da shi a siraran tsinkayen roba cikin ruwan naitirojin, a digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi shekaru. Sai dai bunsuru na da wata matsala tasa. Ruwan tsarmin da aka saba yi wa bijimi da gwaiduwar ƙwai ake haɗa shi, amma a 1957 wani mai bincike, A. Roy, ya nuna cewa a ruwan maniyyin bunsuru akwai sinadarin da ke sa gwaiduwa ta yi gudaji ta zama guba ga ƙwayar. Daga baya aka ga irin haka da madara. Shi ya sa ake wanke maniyyin bunsuru a na'ura mai juyawa a zubar da ruwansa, ko a rage gwaiduwar ƙwarai. Wanda aka ɗiba da lantarki, da yake ruwansa ya fi yawa, ya fi shiga wannan haɗari. Wanda aka ciro bayan yanka bai taɓa haɗuwa da ruwan ba. A Barazil, José Nunes ya yi suna da tsarma maniyyin bunsuru da ruwan kwakwa, abin da ke nuna ba dole sai kayan Turai ba.

Faransa na yi wa dubun dubatar awakin madara barbarar zamani duk shekara, domin a can nonon akuya cuku ne mai tsada, kuma kowace akuya na da lamba da tarihi. A nan fa? Tulun naitirojin sai an riƙa cika shi, ranar da ya ƙafe duk abin da ke ciki ya mutu. Akuya na neman barbara ne duk bayan kwana 21, na kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a gidan da babu bunsuru ba kullum ake lura ba. Idan za a haɗa su su nema lokaci guda, sai an sa musu soso mai sinadari da allura, duk kuɗi ne. Bakin mahaifar akuya kuma matsattse ne, sai gwani. A lissafa wannan a kan dabbar da kuɗinta bai kai na saniya ba ko kusa. Ba mamaki da cibiyar barbarar zamani ta Kadawa a Garun Malam, da sashen da ke wannan aiki a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, suka fi karkata ga shanu. Inda daskarewa ke da hujja mai ƙarfi a wurinmu shi ne ajiyar iri: a adana maniyyin zaɓaɓɓun jajayen bunsurai kafin gaurayen awakin Boer da Kalahari da ake tallarsu a Facebook ya shafe asalin. Jar akuyar Sakkwato ita ce mai fatar da ta ratsa Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma har yau majemun Kano na nemanta.

Maƙwabtanmu sun bi wata hanya mai sauƙi. A Maraɗi, tun farkon shekarun 1960 akwai cibiyar kiwon jar akuya, babban aikinta zaɓen bunsurai nagari da rarraba su ƙauyuka, tare da dandaƙe waɗanda ba a so su yi iri. Bunsuru mai rai ba ya bukatar naitirojin, kuma ya fi kowane ma'aikaci gane akuyar da ke nema. Lafiyayye guda na iya ɗaukar awaki 25 zuwa 40. Abin da zan ƙara a kan tsarin Maraɗi shi ne gwaji: kada a saki bunsuru ga unguwa sai an shafa marainansa, an auna, an duba maniyyinsa, an kuma ɗebi jininsa don ciwon ɓari na burusela, wanda bunsurun haɗaka ke iya yaɗawa gida gida, kuma yake kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa mahaifa. Tofa na da sa'ar da ƙananan hukumomi da yawa ba su da ita: sabon mazaunin Jami'ar Bayero, da tsangayar aikin gonarta, na kan titin Gwarzo, tafiyar mintoci daga Janguza. Madubi ɗaya, fulas na ruwan zafi, ma'aunin zafi da robar ɗiba duk sa shiga bayan babur.

Za a yi tambayar kuɗi, kuma tambaya ce ta addini ma. Hadisi ya zo a Sahihul Bukhari da hani ga karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, shi ya sa aron bunsuru a ƙauyukanmu kyauta ne, sai dai ɗan ihsani. Malaman Malikiyya sun sauƙaƙa idan haya ce ta lokaci sananne ko adadin hawa sananne, ba sayen cikin da ba a san zai samu ba. Duk wanda zai kafa irin wannan tsari a Tofa ya zauna da malaman garin tun farko a fayyace me ake biya: abincin bunsuru ne, ko ladan ma'aikaci, ko kuɗin gwaji. Ƙungiyoyin mata masu adashi za su iya riƙe bunsuru guda a gidan ɗayarsu, kowace mai akuya ta kawo damin harawa ko kwanon dusa, takin turkensa ya zama na mai riƙo. Sannan a musanya shi da na wata unguwa, kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.